Glenys da Ƙudan Fiyanon Wirrabin

Duk wanda ya tashi a nan ƙasar Mallee, in dai gidansu akwai fiyano, ko da tsohon nan ne da aka jingine a baranda kaza na ƙwai a kansa, to ya san Glenys Tonkin. Ku gyara zama ku ji labarinta, musamman na shekarar da ta kusa ajiye aiki saboda abin da bai kai tafin hannu ba.

Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, gashinta fari fat, an rage shi kamar na soja. A Loxton take zaune da mijinta Merv, amma wanda ya je gida nemanta ya yi asarar man motarsa. Kullum tana kan hanya cikin farar a-kori-kurarta, daga wannan gona zuwa wancan coci, daga makaranta zuwa zauren gari, jakar fata ta kayan aiki a kujerar gefe an ɗaura mata bel kamar mutum. In ta shigo gida, a tsaye take gaisuwa, rabi ga masu gida rabi ga fiyano. Bakinta na cewa "ya yara, ya tumaki," hannunta ya riga ya kai kan maɓallai, kanta a karkace gefe guda kamar tsuntsuwar da ta ji motsi a ciyawa.

Gadon aikin ta yi. Ubanta Clarrie Tonkin shi ya riƙe wannan yanki kafin ita, kuma tun tana 'yar makaranta, da an yi hutu yake sa ta a mota su tafi. Shi ya fara buɗe mata cikin fiyano ya nuna mata: ga tsirkiyoyin ƙarfe a miƙe tamau, ga 'yar guduma mai hular ulu a bayan kowane maɓalli, ga faffaɗan allon katako can baya wanda ke ɗaukar amo ya watsa shi cikin ɗaki. Saita tsirkiya, a ja wannan a sassauta waccan har muryoyinsu su daidaita, wannan ta koya a hankali cikin shekaru. Abin da ta fara ƙwarewa a kai shi ne farautar ƙara.

Kun san irin ƙarar da nake nufi. A danna maɓalli ɗaya, sauti ya fito lafiya, amma a bayansa wani ɗan abu na bin sa yana zirrr, kamar ƙuda ya faɗa kwalba. Clarrie yana da hanyarsa. Sai ya zauna ya riƙa buga maɓallin nan guda, bugu bayan bugu, ita kuma ta riƙa zagayawa tana ɗora tafin hannu a kan komai: murfi, ƙarfen ƙyaure, allon gaba, gilashin taga, hoton aure a bango, kwanukan da ke cikin kabad. Inda ta ɗora hannu ƙarar ta ɗauke, nan ɓarawon yake. "Kar ki yi saurin zargin tsirkiya," haka yake ce mata. "Sau da yawa ita tana aikinta, wani ne a gefe yake amsa mata ba a tambaye shi ba."

Abubuwan da Glenys ta tono a rayuwarta da wannan dabara, in ta fara lissafa su a wajen shan shayi sai shayin ya huce. Tsohon kwabo da ya faɗa bayan allon amo tun zamanin kakanni. Fil ɗin kama gashi. Ƙusar da zafi ya sassauta. Busasshen ƙadangare. Akwai gidan da ta yi yini guda tana bincike, ashe ƙyauren murhun ɗakin girki ne, ta bayan bango, yake rawa duk sanda aka taɓa maɓalli ɗaya. Akwai kuma na gaske, inda laifin na fiyanon ne: tsirkiyar da naɗinta na jan ƙarfe ya saki, ko allon amo ya tsage don bushewa, ko ulun guduma ya taurare har sauti ya koma kamar ana dukan gwangwani, sai ta zauna da allura tana caccakarsa a hankali har muryar ta yi laushi.

Abu ɗaya ne ke ɓata mata rai, kwalbar ruwa. A wajenmu, saboda rani mai busar da katako, tsofaffin mata sun gaji wata al'ada: a cika kwalbar jam, wanda ake shafa wa burodi, da ruwa, a buɗe allon ƙasa na fiyano, wajen da ƙafafu suke, a ajiye ta a ciki, wai don kar fiyano ya ji ƙishi. Glenys ta tsani abin nan. Ta ce ruwan kwalba ɗaya ba ya jiƙa ko inci guda na katako, sai dai ya sa tsatsa, in kuma aka ture fiyanon ya zube a ciki. Duk inda ta samu, fitarwa take yi, ta juye wa furannin bakin ƙofa, sannan ta tsaya ta yi wa'azi. Wa'azin kuwa ba gajere ba ne. Akwai matan da sun gwammace su gamu da maciji a ɗakin wanki da su sake jin sa.

Zauren garin Wirrabin ma bai tsira ba. Wirrabin ɗin ba wani gari ba ne, rumbunan alkama ne a bakin layin dogo, da coci, da filin ƙwallo, da zauren nan na dutse mai rufin kwano. A cikinsa akwai dogon fiyano baƙi, ƙirar Jamus, wanda kakannin mutanen wurin suka kawo a keken doki. Zuwan Glenys na farko ita kaɗai, tana budurwa, ta buɗe allon ƙasa ta tarar da kwalba. Mai riƙe da makullin zaure a lokacin wata dattijuwa ce, Misis Noske, ga 'yarta Beryl a tsaye kusa da ita, sa'ar Glenys. A gabansu ta juye ruwan ta yi wa'azinta. Misis Noske kuwa sai ta miƙa mata farantin kek. Kwalbar ta bar zagayayyen tabo a katakon ƙasa, kuma duk shekara in Glenys ta buɗe ta ga tabon nan babu kwalba, sai ta ji daɗi a ranta, ta ce ga dai mutanen da suka ji magana.

Da Misis Noske ta rasu, makulli ya koma hannun Beryl, wadda ta zama Beryl Kuchel. Ita da Glenys suka zama ƙawaye irin na sau ɗaya ko biyu a shekara, waɗanda in sun haɗu sai su ɗora hira daga inda suka tsaya. Ƙa'idar Beryl ɗaya ce: "Ki bugo mini waya ana gobe za ki zo, in buɗe tagogi zauren ya sha iska, in kuma gasa miki wani abu." Glenys ba ta taɓa saɓawa ba. Wa zai ƙi kek ɗin Beryl mai kwakwa?

Sai dai akwai abin da Glenys ke ɗauke da shi a zuci, wanda in ba Merv ba, ba wanda ya sani. Clarrie ya wuce lokacinsa a aiki. Kunnensa ya fara tafiya, shi bai sani ba, kuma ba wanda ya iya gaya masa. Mutane suna son sa. Sai su bar shi ya yi aikinsa, su ba shi shayi, su raka shi mota, bayan kwana biyu su bugo wa 'yarsa a ɓoye su ce ta zo ta gyara abin da ya gyara. Shekaru ta yi tana bin sawun ubanta a asirce. Ranar da ya gane, bai yi faɗa ba. Ya miƙa mata jakar fata, ya koma bayan gida yana ba tumatir ruwa, bai ƙara taɓa fiyano ba har ya bar duniya. Tun ran nan ta yi wa kanta alkawari: ba za a yi mata irin wannan tausayin ba. Ranar da ta tabbata akwai abin da kowa ke ji ita ba ta ji, ranar za ta ajiye jaka.

To, shekarar da nake ba ku labari ta zo bayan annobar ɓeraye. Lokacin sanyin da ya wuce sun cika ko'ina, a rumbu, a gado, a cikin takalma. Da bazara ta shigo suka ragu, alkama ta nuna, aka shiga girbi. Glenys ta doshi saba'in. Wata safiya waya ta yi ƙara, Lindsay Mattner ne, manomin da ke kaɗa wa mawaƙan Wirrabin fiyano duk Laraba da yamma, ƙaton mutum mai yatsu kamar bakin shebur, amma in ya zauna gaban fiyano sai ka rantse ba shi ba ne.

"Sarauniyar kunne," in ji shi, ga ƙugin injin girbi a bayansa, "fiyanonki ya haɗiye ƙuda."

"Ko dai yatsun nan naka ne suke danna uku a lokaci ɗaya?"

"Yatsuna lafiyarsu ƙalau, ke dai. Maɓalli ɗaya ne, ɗan sama da tsakiya, baƙi. Da na taɓa shi sai zirrr. Matan nan har sun fara dariya in mun iso wurin. Ga waƙoƙin Kirsimeti sun matso."

"Za ka kasance in na zo?"

"Ina fa! Sai in hatsin nan ya shiga rumbu. Beryl za ta buɗe miki."

Ta bugo wa Beryl, washegari ta tafi. Tagogi a buɗe, ƙamshin kek na fitowa daga ɗakin girki. Ta zauna ta danna maɓallin da Lindsay ya ce. Sauti ya fito tas. Ta buga da ƙarfi, ta buga a hankali, ta taka abin ƙafa, ta bi maƙwabtansa sama da ƙasa. Babu komai.

"Bez, zo ki ji. Kina jin wani abu?"

Beryl ta leƙo, hannu duk gari. "Ni kike tambaya, 'yar uwa? Kunnena ya riga ni yin ritaya. Wannan abin," ta nuna na'urar da ke maƙale a kunnenta, "da mawaƙa sun fara nake kashe shi. Na ji suna ta zancen ƙuda, ni dai ban gamu da shi ba."

Glenys ba ta damu ba a ranar. Ƙara takan zo ta tafi da yanayi. Ta ɗaure duk ƙusar da ke jikin fiyanon, ta matse ƙarafan murfi, ta bi tsirkiyoyin maɓallin nan ta daddanna su su zauna daram a mazauninsu. Ta buɗe allon ƙasa ta haska da tocila: kashin ɓera kaɗan a lungu, ga tsohon tabon kwalba, shi ke nan. Ta share, ta rufe, ta ci kek, ta kama hanya.

Daren Laraba bai gama yi ba Lindsay ya bugo. "Ƙudanki yana gaishe ki."

"Yana nan?"

"Har ya yi ƙiba. Kin zo kuwa, ko kek kawai kika ci?"

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Mako na gaba ta sake bugo wa Beryl, ta sake zuwa. Wannan karon ta yi yini. Ta jawo fiyanon daga bango, ta bi allon amo da yatsa tana neman tsaga, ta ƙwanƙwasa kowane haƙarƙarinsa ta ji ko manne ya saki. Ta sa Beryl ta zauna tana buga maɓallin, ita tana zagaya zaure da tafin hannu kamar zamanin Clarrie: tagogi, allon sunayen waɗanda suka tafi yaƙi, agogon bango, tulin kujerun ƙarfe. Amma yaya za ka kashe ƙarar da ba ka ji? Tana ɗora hannu tana ɗagawa, sautin ɗaya ne a kunnenta, mai tsabta kamar ruwan tanki. A nan ne, tana tsaye da hannu a kan gilashin taga, wani tunani ya faɗo mata.

Irin wannan ƙara a can sama take zaune, cikin siraran sautuka. Su ne kuwa suke fara barin mutum. Ta san haka, ta gani a gidansu.

Laraba ta zagayo, Lindsay ya sake bugowa daga cikin zauren, ya ce bari ya kara mata wayar a jikin fiyano. Ta toshe ɗaya kunnen, ta rufe ido. Ta ji maɓallin, ta ji shuuu na layi, ta ji wata mata daga nesa tana cewa, "Ga shi nan! Kin ji ko?"

Ba ta ji ba.

Ta je aka auna kunnenta a asibiti. Wata yarinya mai fara'a ta sa mata abin ji a ka, ta ce ta danna wani maɓalli in ta ji ƙara. Da aka gama ta ce siraran sautuka sun ɗan ragu, amma daidai shekarunta ne, har ma ta fi sa'o'inta da yawa. Glenys ta yi godiya. Fin sa'o'inta ba shi ta zo nema ba. Sa'o'inta ba su ke saita wa mutane fiyano ba.

A gida ta ɗauki jakar fata ta ɗora a saman kabad, inda sai an taka kujera. Merv yana kallonta ta saman jarida.

"Can za ta zauna?"

"Can."

"Saboda ƙuda ɗaya."

"Saboda mutum goma sha wani abu suna jin sa, Merv, ni da aka kira in kashe shi ba na ji. Me ya rage? In jira su fara kiran wani a bayana?"

Ya naɗe jaridar. Merv ba mai yawan magana ba ne, tsohon direban motar ɗaukar lemo ne, ya saba da shiru. "To, tsohuwa, ke kika san kunnenki. Ni dai na san jiya daga ɗaki kika ji na buɗe gwangwanin biskit."

"Wannan ko kurma ya ji."

"Amma kar ki sallame su ta waya. Kin fi shekara arba'in kina shan shayin mutanen nan. Ki je ki gaya musu ido da ido."

Ta ga gaskiyarsa. Ta nemo sunan wani mai gyara daga Adelaide wanda aka ce hannunsa da kyau don ta ba su, ta bari aka gama girbi, ranar wata Laraba ta shiga mota. Kujerar gefe babu kowa, har ta miƙa hannu za ta ja bel ta tuna. Ba ta bugo wa Beryl ba. Ba aiki za ta yi ba, me za a buɗe wa tagogi? Kuma ba ta son a gasa mata kek na ban kwana.

Hanyar nan ta san kowane kwanarta. Gonaki an aske su, sai karan alkama rawaya har iyakar gani, tumaki na kiwo a ciki, garken aku masu jan ƙirji suna tashi daga bakin titi inda hatsi ya zube. Tana tuƙi tana shirya abin da za ta faɗa. Gajere take so. Ba kuka, ba dogon bayani.

Ta iso rana ta karkata, motoci a jere ƙarƙashin itatuwan turare. Tun daga waje ta ji sun fara. Ta tsaya a 'yar barandar shiga, bayan ƙofa, tana jiran su kai aya kafin ta katse su. Muryoyin mata, da na maza biyu uku a ƙasa, Lindsay na bin su a hankali. Waƙar ta hau, ta hau, hannunsa na dama ya kai kan baƙin maɓallin nan.

Zirrr.

Glenys ta dafa bango. Ta ce ko zuciyarta ce ke yi mata wasa. Baitin ya zagayo, suka sake isowa wurin. Zirrr. Ƙarara, ba ɓoyo, irin ƙarar siririn ƙarfe a kan gilashi, har tana iya cewa daga ƙasa take fitowa, ta hannun dama. Wata mata a layin gaba ta ƙyalƙyale da dariya.

Ban san ko kun taɓa ganin mutum yana murna da mummunan sauti ba. Glenys ta banko ƙofa, fuskarta kamar wadda aka yi wa albishir ɗin jika.

"Tsaya! Lindsay, tsaya nan! Sake buga shi!"

Waƙa ta watse. Lindsay ya juyo, baki buɗe. "Daga ina kika faɗo?"

"Buga, na ce! Shi kaɗai. Kar ka daina sai na ce."

Ya fara bugawa. Zirrr, zirrr, zirrr. Mawaƙa suka ja gefe da takardunsu. Ta ɗora tafi a murfin sama, yana nan. Allon gaba, yana nan. Gefen dama, yana nan. Ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta ce wa Lindsay ya janye ƙafafunsa masu kama da kwalekwale. Ta dafa allon ƙasa, sai ƙarar ta ɗan canja murya. Ta zura yatsa ta danna ƙarfen da ke riƙe da shi, allon ya faɗo hannunta.

Ga ta nan zaune, daidai kan tsohon tabo, kamar ba ta taɓa tashi ba. Kwalbar jam, ruwa ya kai rabi. A bakinta an kifa murfin gwangwani wanda aka huhhuda da ƙusa, ba a murɗa shi ba, an ɗora ne kawai.

Glenys ta sa yatsa ɗaya a kan murfin. Sauti ya fito tas. Ta ɗaga. Zirrr. Ta mayar. Tas. Ta yi haka ya fi a ƙirga, ba don ba ta tabbata ba, don daɗin ji kawai.

Daidai nan Beryl ta fito daga ɗakin girki da tiren kofuna, na'urarta a kashe, ba ta san abin da ake ciki ba. Ta ga Glenys a durƙushe, ta ga allo a ƙasa, ta ga kwalba. Ta tsaya cak. A hankali ta ajiye tiren a kan kujera, ta kai hannu kunne ta kunna abin.

"Ba ki bugo ba," in ji ta.

"Ban bugo ba."

"Ai ƙa'ida ce ki bugo."

"Beryl Kuchel. Tun yaushe?"

Beryl ta goge hannu a gaban riga, ta dubi mawaƙa, ta ga ba mai ceto. "Tun ranar da kika juye wa furanni ruwan Mama. Motarki ba ta kai rumbuna ba ta sake cika ta. Kafin ta rasu ta ce mini, ga makulli, ga kwalba, in yarinyar Tonkin za ta zo ki fitar, in ta tafi ki mayar, kar ki yi gardama da ita, ba ta gajiya."

Zauren ya ɗauki dariya. Lindsay ya kifa kai a kan fiyano, kafaɗunsa na rawa.

"Buɗe tagogi," in ji Glenys. "Zauren ya sha iska."

"Ai ina buɗewa! Ƙarya na yi?"

"Murfin fa?"

"Ɓeraye, 'yar uwa. Lokacin sanyi kullum sai na tsamo gawa a ciki, wari ya ishe ni. Na ce bari in rufe, na huda don ruwan ya samu hanyar fita. Ina zan san yana waƙa? Kwalbar nan ta girmi 'ya'yana a wurin nan, ba ta taɓa cewa ko uffan ba."

Glenys ta zauna daɓas a ƙasa, ta jingina da ƙafar fiyano. Sai yanzu ta tuna: duk shekara ƙura na kwanciya a katakon nan ko'ina, ban da cikin zagayen tabon. Da idonta take gani, ta share kewayensa, ta yaba wa mutanen Wirrabin a zuci.

"Kin san abin da ya kawo ni yau?" Muryarta ta sauka. "Sallama na zo yi. Jakata tana saman kabad. Na ɗauka kunnena ya tafi, Bez. Kowa na ji, ni na zo sau biyu ban ji komai ba."

Dariya ta tsaya. Beryl ta rufe baki da hannu. Tana cikin waɗanda suka bugo wa Glenys a ɓoye zamanin Clarrie, ba sai an yi mata bayani ba. Ta zo ta durƙusa kusa da ita, da ƙyar, tana dafa kujerar Lindsay.

"Wayyo Glen. Da na sani, da na bar miki ita a kan murfi da fure a ciki."

"Da kin sha wa'azi."

"Da na kashe na'ura."

Suka zauna nan ƙasa su biyu, tsofaffi, suna dariya suna share ido, har sai da Lindsay ya kama su ɗaya bayan ɗaya ya tayar.

Wajen shayi, Glenys ta fara wa'azin, don ba ta iya bari. Beryl ta bar ta ta yi nisa sannan ta ce, "Tsaya. Wa ke cewa duk shekara fiyanon nan ya fi kowanne lafiya a Mallee? Ba tsatsa, ba tsaga?"

"Bangon dutse ne. Zauren yana da sanyi."

"Uhm. Bangon dutse."

"Kuma Jamusawan da suka ƙera shi sun san aiki."

"Ƙara kek, 'yar uwa."

Kafin ta tafi ta ja Lindsay gefe, bakin motarta. Ta gaya masa abin da yarinyar asibiti ta ce, ba ta rage komai ba. "Yau na ji. Wata rana ba zan ji ba. Kunnenka yana da kyau, ko da yake yatsunka na shebur ne. Ranar da na saita fiyanon nan ka ji saman bai zauna ba, ni za ka gaya wa. Ba wani ba. Ba bayan na tafi ba."

Lindsay ya cire hula ya sosa kai. "Ba ki da sauƙin gaya wa magana, kin sani."

"Na sani. Ka yi alkawari."

"Na yi."

Da ta isa gida, jakar fata tana kan teburin girki. Merv ya ce wai ya hau neman wani abu ne a saman kabad ta tare masa hanya. Ba ta tambaye shi mene ne ba.

Glenys tana kan hanya har yanzu, ko da yake ta rage nisa, kuma Lindsay bai ce komai ba tukuna. Murfin gwangwanin yana cikin jakarta, tare da tsohon kwabo da fil ɗin gashi. A bakin kwalbar yanzu ƙyalle ne aka ɗaure da roba, ɓera ba ya shiga, ba ya kuma waƙa. Ita ta yanka ƙyallen da hannunta, tana cewa wannan ba yarda ba ce. In za ta je Wirrabin takan bugo ana gobe, kamar kullum. Beryl ta buɗe tagogi, ta gasa kek, ta fitar da kwalba ta ɓoye a bayan tukunyar shayi. Glenys ta buɗe allon ƙasa, ta haska tocila, ta dubi zagayen nan mai tsabta, ta share ƙurar da ke kewaye da shi, ta rufe.